Hoton da ke rawa da kiɗa

Masu sauraro, a yau sharhinmu kan wata fasaha ce da ta dace matasan Difa su sa wa ido: sarrafa hoton majigi nan take, ya riƙa motsi tare da kiɗa.

Ba sai mutum ya iya rubuta dogon umarnin kwamfuta ba. A manhajoji irin su Pure Data, wadda Miller Puckette ya fitar a 1996 kuma kyauta ce, ko TouchDesigner ta kamfanin Derivative na Kanada, akwatuna ake jerawa a allo, a haɗa su da layi. Akwati ɗaya yana karɓar sauti daga makirfo, na biyu yana auna ƙarfinsa, na uku yana juya launi. Mai algaita ya ja dogon numfashi, hoton kogin Komadugu ya cika bango. Makaɗi ya doki ganga, jan tattasan da aka shanya a bakin kogin ya tarwatse ya sake haɗuwa.

Tun hare-haren Fabrairun 2015 a Difa da Boso, duniya ta fi sanin jihar nan da labarin gudun hijira. Alhali kayan aikin hoto suna hannunmu: gonakin tattasai, masunta, kasuwar Maine-Soroa, raƙuman N'Guigmi.

Matsalar ita ce wuta da tsadar majigi. Jami'ar Difa da gidajen matasa za su iya ware ɗaki guda mai wutar lantarki ta hasken rana da kwamfutoci kaɗan, su gayyato mai koyarwa. Sauran aikin matasanmu za su ɗauka.