Karaya a filin ƙwallo: tsautsayi ne ko gangan?

Wanga jawabi wani tsohon alƙalin wasa ya yi shi a Maraɗi, gaban ƴan kasuwa da ma'aikata masu ɗaukar nauyin ƙungiyoyin ƙwallo na unguwanni. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗe shi.

Alhazai da ma'aikata da shugabannin ƙungiyoyi, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka bar rumfunanku da ofisoshinku kuka zo sauraren tsoho.

Tambayar da kuka ba ni tsohuwa ce, kuma babu wurin shan shayin da ba a yi gardama bisa kanta ba, tun daga Yamai har Damagaram: in ɗan wasa ya karya ɗan'uwansa cikin fili, tsautsayi ne ko da gangan ya yi? Mutane sun rabu gida biyu. Wasu na cewa ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi haƙuri. Wasu na cewa mugunta ce, an aiko shi ne, a rama. Ni kuwa abin da na zo in faɗa muku shi ne, tsakanin gidajen nan biyu akwai gida na ukku, kuma a cikinsa ake karya mafi yawan ƙafafun da mutum ke karyawa. Sunansa ganganci.

Bari in fara ba masu cewa tsautsayi haƙƙinsu, domin suna da gaskiya mai yawa. Raunuka da dama ba su da mai laifi. A cikin gwiwa akwai wata jijiya mai riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, kuma likitocin wasanni sun tabbatar cewa sau da yawa tana tsinkewa ne ba tare da an bugi gwiwar ba: ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya juya, shi ke nan. A watan Afrilu na 2000, Ronaldo na Barazil, yana wasa ma Inter, ya shigo fili bayan doguwar jinya, ya yi ƴan mintoci, ya faɗi shi kaɗai da ƙwallo a gabansa, jijiyar gwiwarsa ta yanke. A gasar cin kofin duniya ta 2006, Michael Owen na Ingila ya faɗi a farkon wasansu da Suwidin, babu wanda ya taɓa shi. Inda a filinmu ne haka ta faru, kun san abin da za a ce: an yi masa jifa, an binne laya a raga. Alhali gajiya ce da tsohon ciwo da juyin ƙafa.

Masu cewa gangan su ma ba ƙarya suke ba. A watan Satumba na 1997, Roy Keane na Manchester United ya ji ciwo a gwiwa yana ƙoƙarin tare Alf-Inge Haaland, wanda ke wasa ma Leeds a lokacin, uban Erling Haaland da ɗiyanku suka sani yau. Haaland ya tsaya bisa kansa yana zarginsa da ƙaryar ciwo. Keane ya riƙe abin a zuci fiye da shekara ukku. A watan Afrilu na 2001 suka sake haɗuwa, Haaland ya koma Manchester City, Keane ya ɗaga ƙafa ya dira masa a gwiwa. Aka ba shi jan kati. Da littafin tarihin rayuwarsa ya fito a 2002, aka ga ramuwa ce, sai hukumar ƙwallon Ingila ta ƙara hana shi wasa biyar, ta kuma ci shi tarar fam 150,000. Ku lura da abu guda: ba a tabbatar da niyyarsa ba sai da magana ta fito daga wajensa.

To, mutum nawa ke tona kansa haka? A ran 24 ga Satumba 1983, a Barsalona, Andoni Goikoetxea na Bilbao ya zo ma Maradona ta baya ya karya masa idon sawu. Aka hana shi wasa 18, daga baya aka rage. A 1982, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya, mai tsaron gidan Jamus ta Yamma, Schumacher, ya yi tsalle ya banke Battiston na Faransa, ya sumar da shi, haƙora suka zube, amma alƙalin wasa ko laifi bai busa ba. A 2014 Zúñiga na Kolombiya ya sa ma Neymar gwiwa a baya, ƙashin bayansa ya tsage, ya bar gasar da ake yi a ƙasarsu. A 2018, a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai, Sergio Ramos ya faɗi tare da Mohamed Salah na Masar yana riƙe da hannunsa, kafaɗar Salah ta samu matsala, ya fita yana kuka, Real Madrid ta ci 3 da 1. Har yanzu masoyan Liverpool na rantsuwa gangan ne, na Madrid na rantsuwa tsautsayi ne. An ga hoton ta kowane gefe, an maimaita shi sau dubu, gardama ba ta mutu ba. Mi ya sa? Domin na'urar ɗaukar hoto ƙafa take gani, ba ta ganin zuciya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma alƙalin da zai yanke hukunci cikin ƙiftawar ido ba ya da lokacin karatun fuska.

Masu tsara dokokin ƙwallo sun daɗe suna fama da wanga lamari. A da, doka na cewa sai laifin da aka yi da niyya ake hukuntawa, sai kowane mai laifi ya ɗaga hannu ya ce ƙwallo ya nufa. A tsakiyar shekarun 1990 suka janye maganar niyya daga laifuffukan tarewa da bugu da tura, suka kafa matakai ukku. Wanda ya shiga da sakaci, a busa laifi a ba abokan hamayya bugu. Wanda ya shiga da ganganci, bai damu da abin da zai samu ɗan'uwansa ba, a ba shi katin gargaɗi. Wanda ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima har ya jefa lafiyar wani cikin haɗari, a ba shi jan kati. A 1998 aka ƙara jaddada cewa tarewa ta baya mai haɗari kora ce. Kafin a kai nan an yi hasara: Marco van Basten na Holand, wanda ya sha duka a idon sawu tare da fiɗa bayan fiɗa, wasansa na ƙarshe a 1993 ne, ya yi ban kwana da ƙwallo a 1995 yana da shekara 30.

Hikimar wagga doka, ku ƴan kasuwa kun fi kowa saninta. Wanda ya tsaya tsakiyar kasuwa ranar cinta ya wurga dutse sama, bai nufi kowa ba, bai ma san wanda zai samu ba. Amma in dutsen ya fasa kan wani, akwai mai cewa tsautsayi ne kawai? Haka direban da ya san birkinsa ya mutu, ya loda kaya da mutane ya hau hanyar Ƙonni. Bai yi niyyar kisa ba, amma alhaki na wuyansa. Malamanmu ma da suka raba gangan da kuskure, ba su ce mai kuskure ya kaɗe riga ya tafi ba, sun ce akwai diyya. Ɗan bayan da ya taso da gudu, ya bar ƙasa da ƙafa biyu, ƙusoshin takalmi a gaba, mai jifa ne a kasuwa. Ko ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ƙwallo ya nufa, ya san ƙwallon a ƙafar mutum take.

Kuma mu yi ma kanmu adalci. Da yawa cikinmu mun kalli wasan buɗe kofin duniya na 1990 a Milan, inda Kamaru ta ci Arjantina 1 da 0. Mun yi murna, kuma mun cancanci murna. Amma ku tuna yadda Benjamin Massing ya kwashe Caniggia har takalminsa ya fita, aka kore shi. Mun yi shewa mun ce namiji. Inda ɗan Arjantina ne ya yi ma Omam-Biyik haka, da mun ce ƙiyayya ce ga baƙar fata. Ashe sau da yawa ba ƙafar muke dubawa ba, rigar muke dubawa. In namu ne ya yi, tsautsayi. In nasu ne, mugunta. Wanga hali bai tsaya a filin ƙwallo ba, kun san shi a siyasa, kun san shi a kotu.

Yanzu in dawo gida, domin a nan maganar ta fi zafi. In ɗan wasan Turai ya karye, akwai motar ɗaukar majiyyata bakin fili, akwai likitan ƙashi, akwai inshora, albashinsa na tafiya. Namu fa? Ina busa wani wasa na unguwanni shekarun baya, na ji da kunnena wani mai horarwa na ce ma ɗan bayansa: «Ka taɓa shi, ya san kana nan.» Bai ce a karya ba. Ni ma ban yi komi ba, domin mai ƙungiyar babban mutum ne, filin kuma cike yake da mutanensa. Tarewar farko na kau da kai, ta biyu na yi gargaɗi da baki, ta ukku muka ji ƙarar ƙashi. Yaron ɗan koyon ɗinki ne, da ƙafar yake taka keke. Aka ɗauke shi bisa babur zuwa wurin maɗori, ƙafar ta haɗu a karkace. Washegari aka zo gaisuwa, kowa na cewa ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma na san mutum ukku da suka share mata hanya: mai horarwa da bakinsa, ɗan baya da ƙafarsa, ni da usur ɗina da na bari a aljihu. Har gobe abin na cina.

Saboda haka ina da roƙo huɗu gare ku, ku da kuɗɗinku ke sayen riguna da kofi.

Na ɗaya, ku ƙyale alƙali ya yi aikinsa. Kada Alhaji ya aika a ce masa ya sassauta, kada shugaban ofis ya yi masa barazana. Ranar da alƙali ya ji tsoron mai kuɗi, ranar ƙafar talaka ta shiga ukku. Jan kati a minti na biyar ya fi ɗori a minti na tamanin.

Na biyu, hukunci ya kai ga mai aike. In ƙungiya ta saba da karya mutane, kada a tsaya ga yaron da aka tura, a dakatar da mai horarwa, a cire ƙungiyar daga gasa ko ta wa ce.

Na ukku, kafin ku sayi kofi mai ƙyalli, ku sayi makarin ƙwauri, wanda dokar ƙwallo ta wajabta tun 1990. Ku sa a tsince duwatsu da kwalabe, a cike ramu, a daina sa yara wasa da tsakar rana cikin bazara, ko wasa biyu a yini guda. Nan ne maganin tsautsayi na gaskiya yake.

Na huɗu, kowace gasa ta buɗe asusun jinya tun kafin a busa usur na farko, kowace ƙungiya ta zuba ƴan jikkuna. In an samu karaya, a kai yaro gidan likita a ɗauki hoton ƙashi, ƙungiyar wanda ya yi ɓarnar ta ɗauki kaso mafi girma. Ranar da ganganci ya fara cin aljihu, za ku ga masu horarwa sun canza harshe.

Ku kuma iyaye da ƴan kallo, ku bar neman sanin abin da ke zuciyar yaro, wannan Allah kaɗai ya bar ma kansa sani. Zargin gangan ba tare da hujja ba shi ke haddasa ramuwa, ya haɗa unguwa da unguwa faɗa, kamar yadda fakewa da ƙaddara ke ba mai ganganci damar sakewa. Ku tambayi abin da ido ke gani: da wane gudu ya zo, ta ina ya zo, ina ƙafarsa ta sauka, kuma wa ya ga haka ya yi shiru.

Allah ya kare ɗiyanmu, ya ba alƙalai ƙarfin zuciya, ya ba ku ladar abin da kuke kashewa.