Laccar Birnin Yawuri: A Auna Saurayi Kafin a Yanka Masa Riga

 

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta samarinmu da aikin yi. Kullum muna jin manya suna cewa yaran zamani ba su son wahala, sun bar gona, sun bar ruwa, sun tafi ramin zinariya ko acaɓa a Kurmi. To, amma mu tambayi kanmu: wanda ke shiga rami tun asuba har faɗuwar rana, rago ne? Lalle ba wahala suke gudu ba. Abin da suke gudu shi ne wahalar da ba ta da gaba.

Mu mutanen ƙasar Yawuri mun san abin da ake nufi da a shirya wa mutum abu ba da shawararsa ba. Sa'ad da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya cinye gungu da fadama, aka tashi mutum fiye da dubu 40. Gungawa, manoman albasa tun kaka da kakanni, suka wayi gari a tudu, cikin gidajen siminti waɗanda wasu suka zana musu daga nesa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada mu kuma mu yi wa 'ya'yanmu haka.

In ka zauna da su a tashar jirgi ta Yelwa ko kasuwar Wara, abu uku za ka ji.

Na fari, suna so su san ranar da za su tsaya da ƙafarsu. Yaro ya shekara bakwai yana yi wa ubangida dakon albasa, ba wa'adi, ba jari, ina dalilin zama? Sai mu yanka wa'adi a gaban shaidu: shekara kaza kana koyo, ranar sallama ga jarinka.

Na biyu, suna son ladan da aka sani, a kan lokaci. Abin da acaɓa ya fi mu ke nan, watau da yamma kuɗi yana aljihu. Mai jirgi ko mai gona ya faɗi rabon yaronsa tun kafin a jefa taru, ba sai kifi ya shiga kwando ba.

Na uku, suna so su koma gida da ransu. Ba mu manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da jirgi ya nutse kusa da Wara da jama'a masu yawa. Matuƙin da aka koya wa aiki, aka ba shi rigar ruwa, aka hana shi lodi fiye da kima, shi ne zai ɗauki tuƙi sana'a.

Aikin kuwa yana nan gabanmu. Albasa tana ruɓewa a hannunmu da kaka, mu sayar da araha, wani ya ajiye ya ci riba. Gina rumbun ajiya da tsaronsa aiki ne. Bandar kifi mai tsabta aiki ce, har ga 'yan mata. Gyaran injin jirgi da injin ban-ruwa aiki ne. Yaron da ya iya karatu da waya sai ya riƙe mana littafi, ya nemo masu saye a Ibadan da Anacha. Ga cibiyar binciken kifi a Sabuwar Busa, ga hukumar HYPPADEC da aka kafa domin garuruwan da dam ya shafa. Mu je mu nemi a koyar da yaranmu, gama hakkinmu ne, ba roƙo ba.

Amma kada mu zauna jiran gwamnati kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan albasa, 'yan kifi da masu jirgi, kowace ƙungiya ta kira samarinta ran kasuwa mai zuwa, ta ji ta bakinsu tukuna, kana ta zuba adashi domin jarin wanda ya cika wa'adinsa. Tela ma ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga.

Allah ya yi mana jagora, amin. Wassalam.