Tsawon Yini da Nisan Wuri daga Ikwaita



Kowa a cikinmu ya san rana takan yi saurin faɗuwa da hunturu, ta jinkirta da damina. Nufina a yau shi ne mu sa wannan sani a kan takarda, mu ga abin da zane zai koya mana.

Asalin al'amarin shi ne duniya a karkace take juyawa, kamar katantanwar da yaro ya murza, kuma karkatar ta kai wajen digiri 23 da rabi. Saboda haka a watan Yuni rabinta na arewa ke fuskantar rana sosai, a watan Disamba kuwa na kudu. Nisan wuri daga Ikwaita, watau layin da ya raba duniya biyu, da digiri ake auna shi, shi ne masana labarin ƙasa ke kira latitud.

To, a samo takarda mai gida-gida. A jera watanni 12 a layin kwance, a jera sa'o'i daga 0 zuwa 24 a layin tsaye. Sa'an nan a ɗauki gari, a sa ɗigo a kan tsawon yininsa na kowane wata, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, a haɗa ɗigogin.

Layin garin da ke kan Ikwaita a miƙe zai fito, sa'a 12 da 'yan mintoci duk shekara. Na Kano, wadda ke digiri 12 arewa, zai ɗan yi tozo: kimanin sa'a 12 da minti 50 wajen 21 ga Yuni, sa'a 11 da minti 25 wajen 21 ga Disamba. Na Alƙahira, a digiri 30, daga sa'a 14 zai gangaro zuwa 10 da 'yan kai. Na Landan, a digiri 51 da rabi, dutse ne sosai, daga sa'a 16 da minti 38 zuwa ƙasa da sa'a 8. Garin da ke kudu da Ikwaita kuwa, tozonsa a Disamba yake. Dukan layukan nan za su gamu sau biyu a kusa da sa'a 12, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba.

Sai a yi zane na biyu. Wannan karon latitud za a jera a kwance, a sa yini mafi tsawo na kowane wuri a tsaye. Layin ba zai miƙe ba. Digiri 30 na farko sa'a 2 kacal suke ƙarawa. Daga 30 zuwa 60 ƙarin ya kusa sa'a 5. Daga 60 zuwa 66 da rabi sai a sami wasu sa'a 5, yini ya cika sa'a 24. A garin Tromso na ƙasar Nowe rana ba ta faɗuwa wajen wata biyu, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli. Wannan hawa shi ya sa a azumin shekarar 2016, wanda ya faɗo a Yuni, mai azumi a Kano ya yi kimanin sa'a 14 daga alfijir zuwa magariba, ɗan'uwansa a Landan ya haura 18.

Wani zai ce tunda bambancinmu bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, ina ruwanmu? Amsar tana gona. Dawarmu ta gargajiya da maiwa da wake iri-iri da tsawon yini suke sanin lokaci. Ko an yi shuka da wuri ko an makara, dawa ba ta fid da kai sai yini ya ragu zuwa gwargwadon da irinta ya saba, kuma manoman kowane yanki sun daɗe suna zaɓen irin da fid da kansa ke dacewa da ɗaukewar ruwan yankinsu. Masu binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya, sun nuna haka tun shekarun 1960. In aka ɗauko irin kudu aka kai arewa mai nisa, sai ruwa ya ɗauke bai yi ido ba. In aka kai na arewa kudu, sai ya nuna cikin ruwa, zangarniya ta yi fumfuna.

Saboda haka ina roƙon ma'aikacin da aka danƙa wa rabon iri, kafin ya sa hannu a takarda, ya tambayi latitud ɗin da irin ya fito da wanda za a kai shi. Ɗalibai kuma, kowa ya rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta a garinsu ranar 21 ga kowane wata har shekara guda, ya zana layin garinsu da hannunsa.