Wa Zai Zauna Da Mai Naƙuda?



Abin da za mu yi magana a kansa yau abu ne da maza suka saba kau da kai daga gare shi, su ce sha'anin mata ne. Alhali kuwa bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne.

A Amurka da Ingila akwai wata sana'a da ake kira dula. Dula ba likita ba ce, ba ta ba da magani, ba ta karɓar haihuwa. Aikinta ta zauna da mace tun daga fara naƙuda har ta sauka, tana shafa mata baya, tana ba ta ruwa, tana kwantar mata da hankali, tana isar da kukanta ga ma'aikata. Likitocin yara biyu, Klaus da Kennell, da abokan aikinsu sun gwada wannan a wani asibiti a ƙasar Gwatamala, suka buga sakamakon a 1980: matan da aka zauna da su sun fi saurin sauka. Bincike da yawa ya biyo baya, har ya nuna cewa tiyata ma tana raguwa. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mai naƙuda da wanda ta zaɓa a kusa da ita.

Wani zai ce ai mu muna da ungozoma tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, amma mu duba lokacin da take zuwa. A ƙauyukan Tsafe da Bungudu, har ma da wasu unguwannin Gusau, kunya ta sa mace, musamman mai cikin fari, tana ɓoye naƙuda, ta shiga ɗaki ta durƙusa ita kaɗai, ana kuma yaba mata in ba a ji muryarta ba. Sai jariri ya faɗo ake kiran ungozoma ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi wanka. Watau sa'o'in da suka fi hatsari, lokacin da jijjiga ko doguwar naƙuda ke bayyana, su ne muka bari babu ido a kansu.

Bayan haihuwa kuwa ba mu da abin koyo wurin kowa. Yarinya ta je goyon ciki gidan iyayenta, a zo barka, a yi ƙauri, a yi suna ran bakwai, ta yi arba'in ba ta daka ba ta ɗebo ruwa, ga uwa ga gwaggo ga kaka suna nuna mata yadda ake riƙon jariri da ba shi nono. Abin da Baturiya ke biyan kuɗi ta samu ke nan. Sai dai mu 'yan boko muna sakin wannan gata da kanmu: ma'aikaci ya kama ɗaki biyu a Tudun Wada, ya fita ofis tun safe, ya bar mai jego ita da jariri da wayar hannu, yana ganin ci gaba ne.

Ba kuma duk abin da ungozoma ke yi ne za mu kare ba. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, kuma babu naƙudar da reza ke sauƙaƙawa. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a Zariya sun danganta ciwon zuciyar masu jego da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna cewa talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki suna da nasu hannu. Ko ta yaya, mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi yana yi mata wuya, asibiti take bukata, ba ƙarin kanwa ba.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kawai cikin 100 ake yi a asibiti. Akwai nisa, akwai kuɗi, akwai tsoron 'yan bindiga da ya sa bin hanyar Tsafe zuwa Gusau da dare ya zama kasada. Amma akwai kuma kaɗaici: mace ta san in ta shiga ɗakin haihuwa za a tsai da uwarta a bakin ƙofa, a bar ta da nas guda mai kula da gadaje da yawa.

Don haka abin da muke roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara ba mai tsada ba ne. A karɓi reza daga hannun ungozoma, a koya mata alamun hatsari, a ba ta izinin rako mace awo da shiga ɗakin haihuwa tare da ita. Labule tsakanin gado da gado, da kujera guda gefen kowane gado, su ne kayan aikin. Waɗanda ke cikinmu da za su riƙe fayil ɗin kasafin kuɗi nan gaba kaɗan, a teburinku wannan kujera za ta samu shiga ko a soke ta.