Jawabi Kan Saƙar Safa Daga Yatsu Zuwa Ƙwauri

 

Jama'a, duk mun san yadda gobarar Monday Market ta 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta 2024 suka cinye jarin mutanenmu da yawa. To, shi ya sa yau muka kawo maganar sana'ar da jarinta bai wuce ƙullin zare da kibiyoyin saƙa ba, wato saƙar safa.

Mu 'yan kasuwa mun san kukan masu saye. Safar kanti ma'auninta ɗaya, ko ta matse ƙwauri ko ta zame cikin takalmi, ga ɗinki a bakin yatsu yana gurzar fata. Ga mai ciwon suga wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙaramin rauni a ƙafa yana iya zama gyambo.

Maganin wannan shi ne a fara saƙa daga yatsu a hau sama. Da farko a sa tef ɗin tela a zagaye tafin ƙafa inda ya fi faɗi. Idan an sami inci 9, a yi lissafi da 8, domin safa sai ta ɗan kama take zama. Sannan a saƙa ɗan ƙyalle na gwaji a ƙirga maɗaukan zare nawa ke cikin inci ɗaya. In 7 ne, to 7 sau 8, maɗauki 56 ke nan.

A fara da maɗaukai kaɗan a bakin yatsu, ana saƙawa a zagaye. A ƙara huɗu a layi ɗaya, a bar na gaba haka nan, har a cika 56. Sai a miƙe har ya rage kamar inci 2 a kai ƙarshen dunduniya, a juya dunduniyar, a hau ƙwauri. Wajen rufe baki a sassauta hannu, in ba haka ba ƙafa ba za ta shige ba.

Amfaninsa biyu. Mai ita zai iya gwadawa tun tana kan kibiya, a gyara nan take. Na biyu, giram 100 na siririn ulu kan ishi ƙafa biyu na babban mutum. A raba shi biyu daidai, a yi ta hawa har ya kusa ƙarewa, ba asara.

Roƙonmu ga ƙungiya shi ne ta ware aji ɗaya na mata kafin hunturu ya shigo, mu kuma masu rumfuna mu karɓi kayan mu sayar. Da zaman banza gara aikin kishiya.