Gudan Jini A Jijiyar Huhu: Ciwon Da Ba Ya Jiran Gobe

Jawabinmu na yau a kan wani ciwo ne mai kisa farat ɗaya, wato toshewar jijiyar huhu da gudan jini.

Galibi gudan yakan daskare ne a jijiyoyin ƙafa, sa'an nan ya ɓalle, ya ratsa ta ɓangaren dama na zuciya, ya je ya tokare jijiyar da ke kai jini huhu. Waɗanda abin ya fi samu su ne wanda ya daɗe a kwance, da wanda aka yi wa tiyata ko ya karye, da mai ciki, da mai jego har mako 6 bayan haihuwa, da mai ciwon daji, da matafiyin da ya wuce awa 4 a zaune.

Alamunsa kuwa su ne sarƙewar numfashi ba zato, da sukar ƙirji, da bugun zuciya da sauri, da tarin jini, da suma, wani lokaci da kumburin ƙafa ɗaya. Kada a murza ƙafar, kada kuma a ce iska ce a tsaya turare. A garzaya asibiti nan take.

Idan awon jini na sama ya faɗi ƙasa da 90, ya kuma zauna haka fiye da minti 15, to rai na cikin hatsari. Likita zai sa wa majiyyaci iskar oksijin, ya fara allurar heparin mai hana jini daskarewa tun kafin a tabbatar da ciwon. Hoton CT na jijiyoyin huhu shi ne babbar shaida. Amma in majiyyaci ba zai jure ɗauka ba, sai a duba zuciyarsa da na'ura a kan gado. In an ga ɓangaren dama ya buɗe, likita na iya ba da maganin narkar da gudan, irin su alteplase.

A nan ne nauyi ya hau kan dangi, domin maganin yana iya jawo zubar jini mai tsanani. Lalle ne a gaya wa likita gaskiya in an yi tiyata kwanan nan, ko haihuwa, ko shanyewar jiki, ko rauni a ka. Bayan sallama kuma, a ci gaba da shan magani wata 3 aƙalla, ko da an ji sauƙi.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.