Ma'anar Buɗaɗɗen Tushe ga Manyan Samfuran Harshe



Tun a 1983 ne Richard Stallman ya kafa shirin GNU a Amurka, bisa aƙidar cewa duk wanda ya karɓi manhajar kwamfuta yana da haƙƙin ya karanta umarnin da aka rubuta ta da shi, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1998 aka raɗa wa wannan hanya suna buɗaɗɗen tushe, aka kuma kafa ƙungiyar OSI domin ta tsare ma'anarsa.

To, amma babban samfurin harshe, wato injin nan mai amsa tambaya da tsara rubutu, ba umarni kaɗai ne tushensa ba. Abubuwa uku ne suka haɗu suka yi shi: umarnin horarwa, da tarin rubuce-rubucen da aka horar da shi a kansu, da kuma biliyoyin lambobi, waɗanda ake kira ma'aunai, inda abin da ya koya yake taruwa. Galibin kamfanoni ma'aunan kawai suke saki. Misalin wannan kamar mai magani ne ya ba mutum ƙullin gari, amma ya ɓoye masa sunan itacen da aka daka. Sha dai zai sha, amma ba zai iya haɗa irinsa ba, balle ya san abin da aka cuɗa a ciki.

A 2023 kamfanin Meta ya saki Llama 2, da sharaɗin cewa duk kamfanin da masu hulɗa da shi suka haura miliyan 700 a wata sai ya nemi izini. OSI ta ce wannan bai cika buɗaɗɗe ba. A watan Oktoba na 2024 ta fitar da ƙa'idarta: a saki umarni da ma'aunai, a kuma yi cikakken bayanin rubuce-rubucen horarwa. Cibiyar Allen kuwa, a samfurinta OLMo na 2024, har rubuce-rubucen ta saki.

Wannan bambanci ya shafi harsuna irin su Hausa ƙwarai da gaske. Muddin ba a san abin da injin ya karanta ba, manazarci ba shi da hanyar gane yawan Hausar da ke ciki, ko ingancinta, ko inda kuskure ya samo asali. Saboda haka wajibi ne jami'o'i, kafin su dogara ga wani samfuri, su tambaya: me aka buɗe, me aka rufe? In ba haka ba, an yi cinikin biri a sama ke nan.